Barkwancin Mayun Wasa da Matan da Ke Zaune a Teburin: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani wasa da aka ƙirƙira a Amurka shekara 50 da 'yan kai da suka wuce, wanda masu yin sa suka gina wa kansu duniya guda, da yarensu da tarukansu da irin barkwancinsu. Wannan shafi amsa ne ga tambayoyin da ake yawan yi game da barkwancin nan, musamman inda ya taɓa mata.

Wane irin wasa ne ake magana a kai?

Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur, kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai shiga rigarsa: wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, wani mai magani. Mutum ɗaya shi ne jagora. Shi ke bayyana inda suke, shi ke magana a madadin duk wanda suka haɗu da shi, daga sarki har mai sayar da abinci. Zai ce, "Kun iso bakin kogo, kuna jin numfashin wani abu daga ciki. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa dayis, irin na ludo amma wani yana da fuska har 20, a ga ko ya yi nasara. Ba a cin wani a wasan. Labari ne ake haɗuwa a saƙa, kuma yana iya ɗaukar shekaru ana ci gaba mako-mako.

Uban wasannin shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR a ƙaramin garin Lake Geneva da ke jihar Wiskonsin. Daga gare shi ne wasannin kwamfuta irin su World of Warcraft suka gaji tsarin jarumai da maki da hawa mataki.

Su wane ne mayun wasan, kuma me ya sa barkwanci ya yi musu yawa haka?

A shekarun 1970 da 1980 yawancinsu samari ne 'yan makaranta, masu son lissafi da labaran takubba da na sararin samaniya, waɗanda ba su yi fice a filin ƙwallo ba. A makarantun Amurka irin waɗannan yara su ne abin tsokana. Sannan aka ƙara musu da wani nauyin: a 1983 wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan bayan ɗanta ya kashe kansa, kuma aka shafe shekaru ana zargin masu wasan da bautar shaiɗan a coci-coci da gidajen talabijin.

Wanda duniya ke yi wa dariya, ya kan koyi riga ta yi wa kansa. Barkwancin ya zama musu mafaka, ya kuma zama alamar gane juna. In ka jefa wata jimla daga tsohon fim ɗin ban dariya, wani ya ƙarasa maka, kun san ku 'yan gida ɗaya ne. Ina ganin duk wanda zai soki wannan barkwanci ya kamata ya fara yarda da wannan: ya ceci yara da yawa daga kaɗaici.

Ba da misalin barkwancin.

Mafi yawansa a kan wasan kansa yake. Akwai ɗan wasan da ke haddace dokoki don ya ƙure jagora. Akwai wanda duk abin da ya gani sai ya sare shi ya kwashe dukiyarsa. Irin wannan ne Steve Jackson ya mayar wasan kati mai suna Munchkin a 2001. A 2005 wani bidiyo na World of Warcraft ya karaɗe intanet: ƙungiya tana zaune tana tsara dabarar shiga wani ɗaki mai haɗari, har da lissafin yiwuwar tsira, sai ɗaya daga cikinsu ya ƙwala kiran sunan jaruminsa, Leeroy Jenkins, ya afka ciki shi kaɗai, aka bi shi, aka hallaka gaba ɗaya. Har yau in wani ya yi gaggawar banza a wasa, sunan nan ake kira masa.

Wannan barkwanci ba ya korar kowa. Duk wanda ya taɓa zama a tebur sau biyu, mace ko namiji, zai gane shi ya yi dariya.

To ina matsalar mata ta shigo?

Ta shigo ne daga yadda teburin yake tun farko. Wasan ya tsiro daga wasannin yaƙi na 'yan ƙananan sojojin dalma, kuma wannan harka kusan ta maza ce zalla. Wani masanin zamantakewa, Gary Alan Fine, ya zauna da ƙungiyoyin masu wasa a Minesota a ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da bincikensa a 1983. Ya ƙiyasta cewa mata ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na 'yan wasa ba. Ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa: a teburin da babu mace, ba sabon abu ba ne samari su sa jarumansu su yi wa matan cikin labarin fyaɗe, ana dariya, kuma wasu sun faɗa masa cewa zuwan mace yana takura musu domin dole su rage irin wannan.

Idan ɗaki ya daɗe babu mace a ciki, mace takan koma abin da ake magana a kai. A 1996 wata ƙungiyar 'yan barkwanci ta Milwoki mai suna Dead Alewives ta yi wani ɗan wasan murya da ya shahara ƙwarai, inda wani yaro yake ta tambayar jagora ko akwai 'yan mata a mashayar cikin labarin, domin in akwai yana so ya kwana da su. Abin dariyar a kan yaron yake, da rashin wayewarsa. Amma ya yi tasiri ne saboda kowa ya san irinsa a teburinsu.

Da gaske ne an rubuta bambancin a cikin dokokin wasan?

Da gaske ne, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin abin da ake faɗa a baki yana wucewa, wanda aka buga a littafin doka kuwa yana zama.

A Greyhawk, ƙarin littafin dokokin Dungeons & Dragons na 1975, an bayyana cewa shugaban macizan wuta masu bin gaskiya sarki ne, shugabar masu ɓarna kuma sarauniya ce, sannan aka ƙara da shaguɓe cewa masu fafutukar 'yancin mata su fassara hakan yadda suka ga dama. A Oktoban 1976, a fitowa ta 3 ta mujallar The Dragon, Len Lakofka ya kawo dokoki na musamman don jarumai mata: an rage musu ƙarfi, an cire musu makin kwarjini aka sa na kyau a madadinsa, aka ba su ikon yaudarar maza da jikinsu a matsayin makami. A littafin 'yan wasa na 1978 aka sa wa ƙarfin mace iyaka. Mayaƙin da ya sami maki 18 na ƙarfi, wato mafi girman maki, yana sake jefa dayis daga 1 zuwa 100 don ƙari; namiji ɗan Adam zai iya kaiwa ƙarshe, mace ba za ta wuce 50 ba. Sai kuma littafin jagora na 1979, wanda ke ɗauke da jadawalin da ya fi kowanne suna: in jarumai suna yawo a birni suka haɗu da mai zaman kanta, jagora ya jefa dayis ya zaɓi iri ɗaya cikin 12 na karuwai da kawalai, kowanne da kalmar da aka siffanta shi da ita.

Masu kare jadawalin nan suna cewa raha ce, Gygax yana wasa da tsofaffin kalmomi ne kawai. Mai yiwuwa haka ya nufa. Amma a sa yarinya 'yar shekara 13 a rai, ta buɗe littafin wanta tana neman inda take a wannan duniya, ta tarar an ba da fili ga rabe-raben karuwai, an kuma gaya mata a lamba iyakar ƙarfin da za ta iya yi. An cire iyakar ƙarfin da jadawalin a bugu na biyu na 1989.

Amma ai a zahiri maza sun fi mata ƙarfi. Laifi ne a rubuta gaskiya?

Wasa ne da mutum ke jefa ƙwallon wuta daga yatsunsa, ya faɗo daga kan dutse ya tashi ya kaɗe ƙura, ya mutu a biya kuɗi a dawo da shi. Jaruman kuma ba matsakaitan mutane ba ne, zaɓaɓɓu ne. In an yafe wa gaskiya a wurare ɗari, sai a wuri ɗaya tak aka tuna da ita, dole a tambayi dalilin zaɓen wannan wurin. Kuma dokar ba ta ba mace wata riba a madadi ba. Wanda ya zaɓi mayaƙiya ya zaɓi asara kawai.

Wato babu mata a harkar tun farko?

Akwai, kuma ba a gefe suke ba. 'Yar Gygax, Elise, tana cikin yara biyun da suka fara gwada wasan a gidansu. Lee Gold ta kafa mujallar masu sha'awa ta Alarums & Excursions a Los Anjalis a 1975, kuma ta riƙe ta gomman shekaru; mutane da yawa da suka zama manyan masu tsara wasanni a shafukanta suka fara rubutu. Darlene ce ta zana taswirar duniyar Greyhawk ta 1980 da har yau ake yabawa. Laura Hickman da mijinta Tracy suka rubuta Ravenloft, littafin kasada (shiryayyen labarin da jagora ke bi), a 1983, Margaret Weis kuma tare da Tracy ɗin suka fara littattafan Dragonlance a 1984. Lisa Stevens ta kafa kamfanin Paizo a 2002, mai wasan Pathfinder.

Labarin Jean Wells shi ne ya fi taɓa ni. Ita ce mace ta farko da TSR ta ɗauka aikin tsara wasa, a 1979, kuma ita ke amsa tambayoyin masu karatu kan dokoki a mujallar kamfanin. A Yulin 1980 ita da Kim Mohan suka rubuta maƙala a mujallar suna neman a daidaita mata da maza a wasan, suna kawo koke-koken 'yan wasa mata. A 1981 aka buga littafin kasadarta, Palace of the Silver Princess, amma da shugabanni suka ga wasu zane-zanen ciki sai suka janye shi nan take, aka lalata kwafin, aka ba wani namiji ya sake rubutawa. Shi ne kaɗai littafin kasada da ta fitar a kamfanin.

Mene ne zancen sulken da ba ya rufe jiki?

Tsohon salon zane ne: namiji a lulluɓe da ƙarfe daga kai har ƙafa, mace kuma ta fito yaƙi da ɗan ƙyallen sarƙa da bai wuce tafin hannu biyu ba. Jarumar littattafan zane Red Sonja ce ta yaɗa shi a shekarun 1970. Masu wasa da kansu suka mayar da shi abin dariya, suna cewa sulken mace ƙarfinsa yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙanƙantarsa. Wannan barkwanci ya yi aiki mai kyau, domin ya sa masu zane jin kunya. Mata 'yan wasa ne suka fi kaifafa shi, ta hanyar zana mayaƙa maza cikin irin kayan da irin tsayuwar.

Wane irin barkwanci ne matan da ke wasan suka fi kuka da shi?

Wanda ke cewa ba don wasan suka zo ba. Akwai na "budurwar jagora", wadda wai ta zo ne don saurayinta, ba ta san doka ba, kuma yana ɗaga mata ƙafa. Akwai ɗauka cewa in mace ta zauna, ita ce mai magani, ta tsaya a baya tana warkar da masu faɗa. A wasannin intanet akwai tsohuwar maganar cewa babu mata a intanet, duk wanda ya ce shi mace ce namiji ne ke ƙarya. In kuwa ta buɗe murya aka tabbatar, sai tambayoyi da neman hoto su biyo baya. Wajen 2012 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan "mayyar bogi", wato macen da wai ta sa rigar harkar don jan hankalin maza, har ya zama ana tare mace a taro a yi mata jarrabawa: in da gaske kike, faɗi kaza da kaza. Namijin da ya zo jiya ba a tambayarsa.

Akwai wani nau'i mai laushi da ba a cika lura da shi ba. A zanen barkwanci na Knights of the Dinner Table, wanda Jolly Blackburn ya fara a 1990, mace ɗaya ce a babban teburin, Sara, kuma ita ce mai hankali: maza na son sara da ƙonawa, ita tana cewa a tsaya a yi magana da mutanen gari. Yabo ne, kuma mata da yawa sun so ta. Amma shi ma wani akwati ne. An ba maza damar shirme da wauta da haɗama, wato duk abin da ke sa dariya, an bar wa mace aikin yaya babba. Mace ma tana da haƙƙin ta zama wadda ta afka ɗakin dodo ta jawo wa kowa halaka.

Ai wasa ne. Me ya sa ake ɗaukar abin da zafi?

Mu da muka san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, mun san sharaɗinsa. Ana faɗar magana mai nauyi, amma kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kowa yana da mutanensa a bayansa, kuma babu mai shakkar cewa ɗayan ɗan gari ne. A tebur mai maza biyar da mace ɗaya wannan sharaɗi bai cika ba. In ta yi dariya, an sami lasisin ƙarawa. In ta ɓata rai, ta tabbatar da cewa mata ba su san raha ba, kuma ita ce ta lalata daren. In ta yi shiru ta daina zuwa, sai a ce ka gani, dama mata ba sa son irin wannan wasa.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun duba wannan. Thomas Ford da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2008 da ya nuna cewa mazan da dama can suke da ƙiyayyar mata a zuci, in aka karanta musu barkwancin raina mata, sun fi sakin jiki su nuna ta a aikace, misali wajen rage abin da za su ba wata ƙungiyar mata. Barkwancin bai dasa musu ƙiyayyar ba, ya dai sanar da su cewa a wannan ɗaki an yarda da ita.

Ga kuma abin da ya keɓanta da wannan wasa. Jarumar da ake taɓawa a labari, akwai mutum a zaune da ke cewa "ni" a madadinta, wata ƙila ta shekara biyu tana gina ta. In jagora ya sa an kama ta an tuɓe ta don a yi dariya, da bakinsa yake faɗa, yana kallon fuskar mai ita.

Maza da ke wasa da jaruma mace fa?

Suna da yawa. Binciken Nick Yee kan wasannin intanet ya nuna maza sun fi mata yawan ɗaukar jarumin da ba jinsinsu ba, nesa ba kusa ba. Wasu suna yi da kyau, su fito da mutum cikakkiya. Wasu kuma siririyar murya da kwarkwasa ne iyakar abin da suka sani. Fim ɗin The Gamers: Dorkness Rising na 2008 ya kama wannan daidai: wani ɗan wasa ya ɗauki matsafiya, yana ta mantawa cewa mace ce, har hoton na sauyawa tsakaninsa da ita. A fim ɗin dai, sabuwar 'yar wasa ta gina mayaƙiya a kan basira da zafin nama, mazan suka yi mata dariya, sai ta share abokan gaba ita kaɗai a faɗan farko, saboda ta karanta littafin dokar da kyau.

Me ya canza, kuma me ya canza shi?

Abubuwa da yawa, a hankali. Wasan Vampire: The Masquerade na 1991 ya fi ba da ƙarfi ga siyasa da hulɗa a kan sara da suka, ya kuma jawo mata da dama. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma binciken kasuwa da ya yi a kusa da 2000 ya sa mata a kashi 19 cikin ɗari. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons na 2014 ya faɗa ƙarara cewa jinsin jarumi ba ya ƙara masa komai kuma ba ya rage masa, kuma hoton da ke wakiltar ɗan Adam a littafin baƙar mace ce cikin cikakken sulke.

Amma a ganina babban abin shi ne ganin wasan da ido. A 2015 wasu masu aron murya a fina-finan zane suka fara nuna wasansu kai tsaye a intanet da sunan Critical Role, da Laura Bailey da Marisha Ray da Ashley Johnson a teburin. Mutane masu ɗimbin yawa suka ga mata suna shirme, suna kuskure, suna sa ɗaki gaba ɗaya dariya. A 2019 masu kallo suka tara musu sama da dala miliyan 11 don yin fim ɗin zane. Alƙaluman da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a kusa da 2020 sun kai mata kusan kashi 40 cikin ɗari. Tsangwamar ba ta ƙare ba. Marisha Ray ta sha zagi a intanet na shekaru kan kurakuran jarumarta, irin waɗanda ake yafe wa mazan teburin.

Ba za a kashe raha gaba ɗaya ba in aka bi wannan hanya?

A'a. Dayis zai ci gaba da faɗowa a kan 1, mafi munin sakamako, a daidai lokacin da jarumi ya gama cika baki. Ɓarawo zai ci gaba da buɗe akwatin da kowa ya ce kada ya taɓa. Abin da ake neman ajewa ɗan yanki ne ƙarami, kuma mafi tsufa da rashin gishiri a cikin tarin.

Idan zan haɗa tebur da maza da mata, me zan yi a aikace?

Masu wasa sun samar da dabaru, kuma ba su da tsada. Na farko zama ne kafin a fara labari, inda ake yarda kan irin labarin da ake so: na tsoro ne, na dariya ne, ina iyakarsa. A wannan zama ake ware abin da ba zai shigo labarin ba sam, da abin da zai iya faruwa amma ba za a siffanta shi ba, jagora ya ce "gari ya waye" a wuce. Ron Edwards ne ya tsara wannan rabe-rabe a 2003. Sai kuma katin da John Stavropoulos ya ƙirƙiro: a zana alamar X a kan ɗan kati a ajiye tsakiyar tebur, duk wanda wani abu ya dame shi ya taɓa katin, jagora ya sauya akalar labari ba tare da an nemi bayani ba.

Sauran aikin na jagora ne. Kada ya miƙa wa sabuwar zuwa mai magani kafin ya tambaye ta abin da take so. In tana magana wani ya katse ta, ya ce, "Dakata, ba ta gama ba." In ta tambayi wata doka, mutum ɗaya ya amsa, kada a ƙwace takardarta a yi mata lissafin. In kuma wani ya saki maganar da ba ta dace ba, ya fi kyau namijin da ke kusa da shi ya ce masa "haba, bar wannan" tun kafin idanu su koma kanta ana jiran a ga yadda za ta yi.